Yadda Gizo Ya Shiga Littafi a Gidanmu

Ranar wata Asabar ce, ina tsakar gida hannuna dumu-dumu cikin ƙullun waina, sai ga yarinyar maƙwabta ta yi sallama ta miƙo katin biki. Na ce ta ba babban ɗana, wanda a lokacin yake aji huɗu na firamare. Na ce masa, "Karanto min in ji, yaushe ne kamu, yaushe ne ɗaurin aure?" Da Hausa aka rubuta katin, layinsa bai fi takwas ba. Yaron nan ya ƙura wa kati ido, leɓensa na motsi, sauti bai fito ba. Can ya ce, "Umma, rubutun ne ƙanana." Na ce ya fito haske. Ya fito, ya kama kalmar farko ya sake ta, ya kama ta biyu ya sake ta. Daga ƙarshe ya ce, "Ai wannan Hausa ce, mu ba a koya mana ita."

Na wanke hannu na ɗauko littafinsa na Turanci, na buɗe shafin da suka yi a wannan makon. Ya zubo shi tiryan-tiryan, ko numfashi ba ya yi. Har na fara jin sanyi a raina, sai na lura idonsa ba ya kan takardar, yana kan kajin da ke tsattsagar dusa a gindin rijiya. Na buɗe can gaba, inda malami bai kai ba, na ɗora yatsa a layin farko. Shiru kake ji.

Daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba. Yaron da ya zo na uku a ajinsu, wanda babansa yake haɗa kuɗin makarantarsa da ƙyar duk zango, ashe hadda yake yi. Malami ya faɗa, aji ya amsa, a yi ta maimaitawa har shafi ya zauna a ka, ranar jarrabawa a juye shi a takarda. Daga baya na ji cewa wani rahoton Bankin Duniya na 2022 ya nuna a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da a ce kafin ranar katin bikin nan na ji, da na ce Allah sarki, 'ya'yan wasu. Ashe har da nawa a cikin taran.

Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba. Ƙannensa Yaya suke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu muke yi: faɗa, da tsawa, da ɗaukar mai lesin. Ku duba yinin yaron nan a lokacin. Bakwai da rabi yana boko, sai biyu ya dawo. Huɗu yana Islamiyya har shida. Bayan magariba ya ɗauki allo ya tafi wurin alaramma. Ni kuma na zo na cusa lesin a ɗan tsakanin da ya rage masa na cin abinci da ƙwallo. Wata biyu muka yi a haka. Abin da na samu shi ne yaro ya ji sallamar mai lesin sai cikinsa ya murɗa, ya shige banɗaki ya ƙi fitowa. Wata rana na tsinci littafinsa a bayan buhun gawayi, ya ɓoye shi.

A nan ne na zauna na yi wa kaina tambaya: a gidan nan, yaushe muke furta kalmar karatu? Na lissafa. "Tashi ka je ka yi karatu," idan ya dame ni da surutu. "Kashe kallon nan ka ɗauki karatunka," idan jarrabawa ta matso. "Ba ka da aiki sai wasa, karatu kuwa ko oho," idan raina ya ɓaci. Da Hausa kalma ɗaya muke da ita, karatu, ita ce ta zuwa makaranta, ita ce ta hadda, ita ce ta shirin jarrabawa, ita ce kuma ta mutum ya kishingiɗa da littafi don daɗinsa kawai. Yaya ya san ukun farko, kuma duk da bulala a bayansu ya san su. Ta huɗun bai taɓa ganin ta ba, domin ba mu taɓa nuna masa ita ba.

Ni kuwa na gan ta. A Tudun Wadar Zariya na tashi, kuma Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ba ya fashin sayen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya tun 1939. Bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a zaure, abokansa da ba su yi boko ba su kewaye shi, ya gyara tabarau ya fara karantowa da ƙarfi. Wani ya ce "Ashsha," wani ya ce "Maimaita wurin nan, Malam," gardama ta kaure, a dawo a ci gaba. Ni ina raɓe a bakin ƙofa da kwanon furar da aka aiko ni da shi. Abin da ya zauna min tun ina 'yar shekara shida shi ne: akwai magana a cikin takardar nan, kuma duk wanda ya iya fito da ita manya za su yi shiru su saurare shi. Ba wanda ya ce min in so karatu. Kwaɗayi ne ya kama ni, irin kwaɗayin da ke kama yaro idan ya ga ana cin abu a gabansa.

Ban san ta inda zan faro wannan da nawa yaran ba, sai Allah ya kawo Hajiya, mahaifiyar maigidan, daga ƙauye. Ta zo Kano ne a duba mata ido, aka ce sai an yi aiki, ta zauna wurinmu a Gwammaja kusan wata uku. A daren ta na uku aka ɗauke wuta, wayar da yara suke kallo a ciki ta mutu, zafi ya koro mu tsakar gida. Auta ta fara rigima. Sai Hajiya ta jawo ta jikinta ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Yarana uku, ba wanda ya san amsa. Ni ce na ce, "Ta zo mu ji ta," kuma kunya ta kama ni sosai, don a lokacin na gane ban taɓa yi musu tatsuniya ba ko sau ɗaya.

Ta Gizo da hankaki ta yi musu, wadda hankaki suka tara masa gashi ya tashi tare da su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, ya hau zari yana hana su ci, har suka fusata kowa ya cire gashinsa suka bar shi a kan bishiya. Hajiya ta iya muryar Gizo, da tsamin bakinsa da maƙe murya. Yaya, wanda ba ya iya zaman minti biyar a gaban mai lesin, ya yi kusan awa guda bai motsa ba. Da ta ce "Ƙurunƙus," sai ya ce, "Hajiya, ƙaro wata." Ta ce sai gobe. Washegari da rana tsaka suka dame ta, ta ce ba a tatsuniya da rana, suka jira dare kamar masu jiran shan ruwa da azumi.

Bayan kamar mako biyu, ranar da aka kwantar da Hajiya don aikin, dare ya yi ba mai tatsuniya. Suka ce in yi musu, na fara, suka yi ta gyara min: "Ba haka Hajiya ta ce ba." Sai dabara ta faɗo min. Na ce, "To kun ga, in Hajiya ta koma gida shi ke nan mun rasa su. Ku zo mu kama su mu sa a littafi." Na ɗauko sabon littafin rubutu mai shafi 60, na ce su faɗo ni in rubuta. Suna faɗa suna musu da juna, ni ina rubutawa da manyan baƙaƙe, ina furta kowace kalma a hankali yadda za su ga bakina da biro suna tafiya tare.

Da muka zo inda Gizo ya je gaban sarki, na rubuta "Ranka ya daɗe, sarki," na karanto musu. Yaya ya ce, "A'a Umma, Gizo ba haka yake faɗa ba. Cewa yake, yanka ya daɗe, shayki." Na ce, "To zo ka nuna min inda zan gyara." Ya matso, ya bi layin da yatsa, yana lalube, har ya tsaya a kan "Ranka." Na soke R na sa Y. Ya kalli kalmar, ya kalle ni, ya ce, "Wato yanzu duk wanda ya karanta sai ya yi maganar Gizo?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Ko bai san Hajiya ba?" Na ce ko bai san ta ba. Ya yi shiru yana kallon shafin. Shekara huɗu yana zuwa boko, sai a daren nan ya gane cewa murya ake ɗaurewa a takarda.

Daga nan na koma tushe da shi, ba tare da na kira abin lesin ba. Mai lesin ma na sallame shi cikin mutunci. Matsalar Yaya ita ce sunayen baƙaƙe na Turanci ne a kansa, ba sautinsu ba. Ya ga "ina" ya ce "aina." Ya ga "ci" ya ce "si." Na yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, na rubuta gaɓoɓi a kai: ba, be, bi, bo, bu, ka, ke, ki, ko, ku, har ƙarshe. Sai mu baje su a faranti mu yi ta haɗawa kamar wasa. Ka da za, kaza. Tu da wo, tuwo. Wanda ya fi haɗa kalmomi shi ne zai zaɓi tatsuniyar dare. Wannan ba sabuwar hanya ba ce. A makarantar allo ma ba a jefa yaro cikin sura kai tsaye. Sai ya yi babbaƙu, alu ambaki wau zal, sannan farfaru, sannan tattashiya. Iyayenmu sun san sai an bi tsani. Kuma rubutun bokon Hausa yana da wani sauƙi da ba mu cika gode masa ba: wasula biyar ne, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya riƙe gaɓoɓi, cikin 'yan makonni zai fara tsinkar kalma da kansa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa su ne suka fi ba su nishaɗi. Na nuna musu baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, na ce ɗan ƙugiyar nan shi ne bambanci. Sai suka mayar da abin farauta. Muna tafiya a adaidaita sahu suna leƙen allunan shaguna da rubutun bayan motoci, suna kama wanda ya manta ƙugiya. Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Ranar da ƙanwarsa ta karanta "Ƙoƙi ta aiki Gizo ya sayo gari," ta furta kalmar irin ta garin Kano, Yaya ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana cewa da wane kuɗin Gizo zai sayi gari guda. Ita ma da ta gane garin tuwo ake nufi ta fashe. Daga ranar suka san cewa ba a sakin ma'ana a bi baƙaƙe kawai.

Da tatsuniyoyin Hajiya suka cika littafi guda, na ɗauko tsohon Magana Jari Ce na Babanmu, wanda bangonsa ya daɗe da cirewa. Abubakar Imam ne ya rubuta shi, an fara buga shi a 1937, kuma har yau ban ga yaron da aka karanta wa shi da murya mai daɗi ya tashi ya bar wurin ba. Muka tsayar da lokaci: bayan sallar isha'i, a tabarmar tsakar gida, da fitila mai caji, minti ashirin zuwa talatin. Ni nake karantawa, su nasu sauraro. Hausar ciki ta yi musu nauyi a wasu wuraren, kuma nan ne Hajiya, da ido ɗaya a rufe da bandeji, ta zama ƙamus ɗinmu. Ita ta gaya musu mene ne lifidi da sulke. Ita ta lissafa musu kuɗin da: kwabo goma sha biyu sule guda, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, sule ashirin fam ɗaya, kafin a canza zuwa naira a 1973. Har ta ba su labarin abin da sisi yake saya a kasuwar ƙauyensu lokacin tana budurwa.

Abu biyu na kiyaye, kuma ina ganin su ne suka riƙe abin. Na farko, ba na yin tambayar jarrabawa bayan an gama. Da na fara, nakan ce, "To wane darasi kuka koya?" Nan take fuskar Yaya take canzawa, ta koma irin ta gaban mai lesin. Sai na daina. In zan yi tambaya, sai in ce, "Kai da kai ne, da ka buɗe ƙofar?" Wannan takan jawo musu har a kwanta. Na biyu, ina tsayawa ne a daidai inda labari ya ɗau zafi. In rufe littafi in ce, "Mu kwana nan." Su yi ta magiya, in ƙi. Sai in ajiye littafin a kan keken ɗinkina, inda hannun kowa zai kai.

Kwana goma sha wani abu da fara haka, na fito da asuba zan ɗora ruwan koko, na ga haske a lungun da muke ajiye itace. Yaya ne a tsugune da tocilar babansa, littafin a cinyarsa, yatsansa a kan layi, yana tattashiya a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Bai gan ni ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo min. Da daddare da na buɗe zan ci gaba, sai ya ce wa ƙannensa, "Ni na san abin da zai faru," yana wani ɗaga kai. Ban nuna na san komai ba.

Maigidan da farko bai ɗauki abin da muhimmanci ba. A Kantin Kwari yake, yana dawowa a gajiye, kuma ra'ayinsa shi ne Hausa ai yaro yana jin ta, Turanci ya kamata a matsa masa. Abin da ya juya shi takardar tsire ce. Ya shigo da tsire wani dare, aka juye a faranti, sai Yaya ya ɗauke takardar jaridar da aka naɗo shi, duk mai da ƙuli, ya baje ta a ƙasa yana karanta rabin labarin Kano Pillars da ya rage a jiki. Ya ɗago ya ce, "Abba, ina sauran?" Ranar Juma'ar da ta biyo baya babansa ya shigo da Aminiya sabuwa fil. Kuma ya yi wata dabara da ban koya masa ba: ya miƙa masa ya ce, "Idona ya gaji yau, karanto min shafin wasanni." Yanzu a ƙofar gida ake yin wannan, a majalisarsu, Yaya a tsakiyar abokan babansa yana karantowa suna gardama. Ranar da na fara leƙowa na gan su, zauren Tudun Wada ne ya faɗo min. Yana da wani littafin rubutu nasa na ƙwallo, inda ya jera shekarun da Pillars ta ci gasar ƙasa, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da shafi guda na ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a Rasha a 2018. Da a da ne da na ce ɓata takarda ne. Yanzu ni nake saya masa biro.

Inda na sha wuya shi ne samun abin da zan ci gaba da ba su. Na zaga wurin masu littattafai a Sabon Gari da wajen Bata. Littattafan makaranta ga su nan jibge, labaran soyayya na manya ga su nan ba iyaka, amma littafin Hausa mai hotuna wanda aka yi don ɗan shekara biyar ko bakwai, sai an tona. A Kurmi na samo ƙissoshin annabawa da Hausa, sun kuma karɓu sosai, musamman ta Annabi Yusuf. Na gwanjo na Turanci akwai masu kyau da araha, na kuma saya, sai dai auta takan tsaya tana tambayar mene ne wannan farin abin da ya rufe gidaje, me ya sa kare yake kwana a kan gado. Ba laifi ta san duniyar wasu. Amma ina son ta buɗe littafi ta ga yarinya mai kitso irin nata tana tallan gyaɗa ko tana wasan gaɗa. Wannan kuka ne nake kai wa marubutanmu, mata musamman, waɗanda Allah ya ba su baiwar riƙe mai karatu shafi ɗari biyar: ku tuna da 'ya'yan masu karanta ku. Shafi goma sha biyu ya ishe su.

Wata ƙawata malamar firamare ce ta nuna min African Storybook a intanet, wani shiri daga Afirka ta Kudu da ke ajiye gajerun labaran yara masu hotuna kyauta cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Nakan zaɓa in kai shagon masu kwamfuta a buga min a takarda, in dawo gida in ninke, in bi tsakiyar da keken ɗinki, in yi masa bango da kwali da ƙyallen atamfar da ya rage. Littafin Hajiya ma haka na yi masa, da shuɗiyar shadda. Duka suna cikin wani kwando a ƙasa, kusa da ƙofar ɗaki. A gidajenmu mun saba abu mai daraja a kulle shi a kabad tare da kwanukan jere, to littafin da aka kulle ba na yaro ba ne. Auta ta yaga guda biyu, ta zuba wa ɗaya koko. Na liƙe, na shanya, na mayar cikin kwando.

Akwai gyaran da ni ma sai da na yi wa kaina. Ina karatu sosai, amma a waya, labaran da ake turowa a WhatsApp. Wata rana na ce wa ta tsakiyar ta ajiye wasa ta ɗauki littafi, sai ta ce, "Umma, ke ma ai waya kike dannawa." A idonta ba ta da hanyar bambance mai karatu da mai kallon bidiyo, kai a sunkuye ne kawai. Tun daga ranar, in suna kusa, na takarda nake riƙewa, kuma lokacin tabarma wayata tana ɗaki.

Ita wannan ta tsakiyar, hanyarta daban ce, kuma na kusa yi mata rashin adalci ban sani ba. Na lura duk lokacin da aka zauna karatu, in ana buƙatar ruwa ita nake tasa, in auta ta yi kuka ita, in an yi sallama ita. Yaya yana zaune daram, ita tana jin labari guntu-guntu, sannan ina mamakin me ya sa ba ta damu da shi ba. Na hana kaina. Yanzu in an zauna an zauna, wanke-wanke ya jira. Duk da haka dogon labari bai kama ta kamar yadda ya kama yayanta ba, kuma na daina auna ta da shi. Ita kacici-kacici take so. Tana da nata littafin, ta bi tsofaffin unguwa tana tarawa: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya, Baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Tana kuma son zama malama. Takan jera auta da 'ya'yan maƙwabta a dakali ta riƙa karanta musu tana nuna hoto. Na ba ta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata a gidajensu, ana kiran ƙungiyar tasu 'Yan Taru. Tun ranar ta ce a riƙa kiran ajinta 'Yan Taru.

Game da tsoron babansu kuwa, Turancin Yaya bai lalace ba, gaba ma ya yi. Makarantarsu ta lokacin tana cin tarar yaron da aka kama yana Hausa, kuma har yau ina ganin wannan kuskure ne babba. Yaron da ya gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da magana a harshen da yake mafarki da shi, in ya koma Turanci kalmomi ne kawai zai nema, dabarar tana hannunsa. Wanda aka fara da shi a harshen da ba ya ji, abu biyu ake nema ya ɗauka lokaci guda, shi ya sa yake guduwa ya fake a hadda. Yanzu Yaya yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma hutun da ya wuce shi ya matsa sai da babansa ya kai shi ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Ya dawo yana ba ni labarin kantoci, wai bai san akwai littattafai da yawa haka a duniya ba. Akwai darare da gajiya take hana mu zama, akwai makon da ƙwallo take cinye komai. Ba na tayar da hankali, tabarmar tana nan.

Da Babbar Sallar bana muka je ƙauye gaida Hajiya. Idon da aka yi wa aiki yana gani, ɗayan ya tafi. Yaya ya sako littafin shuɗiyar shadda a jakarsa ban sani ba. Bayan isha'i, 'ya'yan gidan duk sun taru a tsakar gida, sai ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Hajiya, yau ni zan yi miki." Ya buɗe ya ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Ta ce, "Ta zo mu ji ta." Ya karanto mata Gizo da hankaki, da muryar Gizo da komai, tana murmushi tana gyaɗa kai. Da ya kai inda hankaki suka cire gashinsu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, Maigida. Kun tsallake. Kafin su cire sai da babbar cikinsu ta yi masa kashedi sau uku." Ya duba shafin ya ce ba a rubuta ba. Ta ce, "To uwarka ce ta manta." Ya juyo ya ce, "Umma, ba ni biro." Na laluba jaka na miƙa masa, ƙanwarsa ta matso da fitila, Hajiya ta gyara zama ta fara faɗa a hankali yadda zai iya bi, yana rubutawa a gefen shafin.